Shin Casablanca ya cancanci sunan da ya yi?

Ka ce ka daɗe kana jin ana kururuta Casablanca a matsayin babban fim ɗin soyayya na zamanin yaƙi, ka nemo shi ka zauna ka kalla. Sai ka tarar da fim mara kala, mutane sanye da kwat suna ta surutu a gidan shaƙatawa, ba ka ga yaƙin da aka ce ana yi ba, a ƙarshe kuma jarumin da kansa ya sa matar da yake so a jirgi tare da wani namiji. Shi ne kake tambaya ko tsufa ne kawai ya ba shi daraja, kamar dattijon da ake girmamawa don furfurarsa ba don abin da ya shuka ba.

Ƙanena, ya cancanta. Na shafe shekaru ina koyar da rubutun fim, kuma wannan yana cikin 'yan ƙalilan da nake maimaita nuna wa ɗalibai ba tare da na gaji ba. Amma ina ganin wanda ya tallata maka shi a matsayin fim ɗin soyayya ya ɗan cuce ka, domin ya sa ka zuba ido a inda fim ɗin ya fi rauni. Ƙarfinsa yana wani wuri dabam.

Sai an fahimci garin da lokacin kafin a fahimci labarin. Sojojin Jamus sun shiga Paris a watan Yunin 1940, Faransa ta miƙa wuya, aka kafa gwamnatin da ke zaune a garin Vichy tana yi wa Hitler biyayya. Janar de Gaulle ya ƙi yarda, ya tsallaka Landan ya ce yaƙi bai ƙare ba. Ƙasashen da Faransa ke mulka sai suka rabu gida biyu, kuma wannan rabuwar ta zo har ƙofar gidanmu. Nijar ta zauna ƙarƙashin Vichy har zuwa Nuwamban 1942, ita kuwa Chadi tun a watan Agustan 1940 gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya bi de Gaulle, daga baya aka mai da shi babban gwamna a Brazzaville. Maroko tana ɓangaren Vichy. Saboda haka Casablanca a fim ɗin gari ne mai fuska biyu: ba a hannun Jamus yake kai tsaye ba, amma idan Bajamushe ya yi tari sai ɗan sandan Faransa ya miƙe tsaye. Masu gudun hijira daga Turai suna bi ta Marseille, su haye teku zuwa Oran, su gangaro Casablanca suna neman bizar fita zuwa Lisbon, daga can sai Amurka. Mai kuɗi ko mai hanya ya wuce. Sauran su zauna jira, suna sayar da zobe da sarƙa a kan farashin banza.

A cikin wannan jiran ne aka dasa Rick, Ba'amurke mai gidan shaƙatawa, wanda Humphrey Bogart ya fito a matsayinsa. Wasu takardun izinin wucewa guda biyu suka faɗo hannunsa. Sai ga Ilsa, wato Ingrid Bergman, matar da ta yi masa alƙawari a Paris ta bar shi tsaye a tashar jirgin ƙasa cikin ruwan sama, ta shigo da mijinta Victor Laszlo, jagoran masu gwagwarmaya da 'yan Nazi wanda ya kuɓuto daga sansaninsu. Rayuwar mutumin da ya fi kowa ba shi haushi tana aljihunsa.

Waɗanda suka yi fim ɗin ba su zauna da niyyar yin abin tarihi ba. Kamfanin Warner Bros. ya sayi wani wasan daɓe da ba a taɓa nunawa ba, na Murray Burnett da Joan Alison, a kan dala 20,000. Aka ba tagwaye Julius da Philip Epstein su rubuta, Howard Koch ya sa hannu, Casey Robinson ya taɓa ɓangaren soyayyar ba tare da an rubuta sunansa ba. An fara ɗauka ranar 25 ga Mayun 1942 alhali rubutun bai kammala ba, ana ɗauka ana kawo sababbin shafuka. Kusan komai a cikin situdiyo aka yi shi a Kalifoniya, babu wanda ya taka ƙasar Maroko. Sa'a kuma ta yi masa aiki: sojojin ƙawance suka sauka a Arewacin Afirka ranar 8 ga Nuwamban 1942, sunan Casablanca ya cika jaridu, kamfanin ya yi maza ya fara nuna fim ɗin a New York ranar 26 ga watan. Aka sake shi ko'ina ranar 23 ga Janairun 1943, daidai lokacin da shugaban Amurka Roosevelt da firayim ministan Birtaniya Churchill ke taro a Casablanca. Ya ci Oscar uku, na fim da na darakta Michael Curtiz da na rubutu. To amma sa'ar jarida ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu. Ba ita ce ta riƙe shi sama da shekara 80 ba.

Zan fara da laifuffukansa, don kada ka ce na rufe ido. Waiwayen da aka yi zuwa Paris, inda ake nuna mana soyayyar tasu, shi ne wuri mafi sanyi a fim ɗin. Suna cikin mota an haska hoton titi a bayansu, suna cikin kwalekwale, suna rawa, shi ke nan. Ba a nuna mana abin da ya haɗa jininsu ba. Fuskar Bergman ce ke ɗaukar nauyin da rubutun ya kasa ɗauka. Wanda ya taso da finafinan Indiya, inda ake ba soyayya awa guda tana tsiro kafin a kawo mata cikas, dole ya ji an yi masa rowa a nan. Takardun wucewar ma da labarin ya rataya a kansu ƙirƙira ce, babu irinsu a tarihi, kuma hankali ba zai ɗauka cewa 'yan Nazi za su ƙyale babban abokin gabarsu ya hau jirgi don yana riƙe da wata takarda ba.

Abin da ya fi damuna shi ne Ilsa. Mace ce da ta yi zaton an kashe mijinta, ta fara sabuwar rayuwa, sai ta ji yana raye a ɓoye ba shi da lafiya, ta koma gare shi ba tare da ta iya faɗa wa kowa dalili ba. Wannan mace mai ƙarfin zuciya ce. Amma da aka zo wurin yanke hukunci, sai aka sa ta ce wa Rick ya yi tunani a madadinsu duka. Maza biyu suka raba makomarta a filin jirgi tana tsaye tana hawaye. Ba na iya wuce wannan wurin ba tare da na ji wani abu ya tsaya mini a wuya ba.

Sai kuma mu 'yan Afirka. Fim ne da aka sa wa sunan birnin Maroko, amma mutanen Maroko ba su da bakin magana a ciki, sai mai gadin ƙofa da masu talla a kasuwa. Ana rera waƙar 'yancin Faransa a ƙasar da Faransa ta danne tun 1912, ba ta sake ta ba sai 1956, kuma fim ɗin bai ko lura da wannan ba. Sam, mai kiɗan piyano, baƙar fata wanda Dooley Wilson ya fito a matsayinsa, shi ne aminin Rick na gaskiya, shi ya janye shi daga tashar jirgin Paris, shi yake zama da shi idan dare ya yi masa nauyi. Da wani ɗan kasuwa ya nemi a sayar masa da Sam, Rick ya ce shi ba ya cinikin mutane, kuma da zai sayar da gidan sai da ya tabbatar an bar wa Sam kasonsa na riba. A Hollywood ta 1942 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka Ilsa ta kira shi yaro, mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba, kuma ba shi da wani buri nasa na kansa a labarin. Duk wanda ya ce maka fim ɗin ba shi da aibu, bai kalle shi da idonmu ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake tsaya masa.

Dubi yadda aka gabatar da Rick. Kafin mu gan shi mun ji sunansa a bakin mutane da yawa. Wata baƙuwa ta nemi ya zo ya zauna da su, ma'aikaci ya ce mata maigidan ba ya sha da baƙi. Sai kyamara ta nuna hannu kawai yana sa hannu a takardar kuɗi, ga taba tana hayaƙi, ga allon dara irin ta Turawa yana bugawa shi kaɗai ba abokin karawa, sannan a ɗaga zuwa fuskarsa. Ba a ce mana mutumin nan ya yanke hulɗa da duniya ba, an nuna mana. Da Ilsa ta shigo, sai ga shi ya ja kujera ya zauna da baƙi, har ya karɓi takardar biyan kuɗin teburin. Ƙa'idar da aka kafa a minti na goma aka karya ta a minti na talatin, mai kallo ya gane girman matar nan a zuciyarsa ba tare da an yi masa bayani ba. Haka rubutun yake daga farko har ƙarshe, cikin minti 102 da ƙyar ka sami jimlar da ba ta aiki biyu. Shi ya sa ƙungiyar marubutan finafinai ta Amurka ta zaɓe shi a 2006 a matsayin rubutun fim mafi kyau da aka taɓa yi.

Ka lura da kwanan watan da ke kan takardar kuɗin da Rick ya sa wa hannu a farko: 2 ga Disamban 1941, kwana biyar kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor ta jefa Amurka cikin yaƙi. Rick yana yawan cewa shi ba ya sa wuyansa saboda kowa. Amma an gaya mana a 1935 ya yi safarar bindigogi zuwa Habasha lokacin da Italiya ta mamaye ta, a 1936 kuma ya yi yaƙi a Sifen a ɓangaren da aka ci. Wato mutum ne da ya taɓa yarda da wani abu, aka ji masa ciwo, ya naɗe hannu. A wani dare cikin maye ya tambayi Sam ko ƙarfe nawa ne a New York, ya ce ya tabbata duk Amurka barci take. Masu kallo na 1943, waɗanda 'ya'yansu ke cikin jiragen ruwa zuwa fagen daga, sun san da wa ake. Tambayar fim ɗin ita ce me zai tayar da mutumin da ya rantse babu ruwansa. Soyayyar ita ce ƙofar da aka bi aka shiga wurinsa.

Akwai wata ƙaramar fitowa da nake so ƙwarai. Wata amarya 'yar Bulgeriya ta zo wurin Rick. Ba su da kuɗin biza, mijinta yana can yana zubar da ɗan abin da ya rage a teburin caca, shugaban 'yan sanda Renault kuma ya nuna mata hanyar da za ta samu bizar ba da kuɗi ba. Ta tambayi Rick: idan mace ta aikata mummunan abu don ta ceci wanda take so, ta ɓoye a zuciyarta, za a iya yafe mata? Ba ta san cewa labarin Ilsa take ba shi ba. Ya amsa mata da kaushi, ya tashi. Sai ga shi a bayan mijin yana raɗa masa ya sa a lamba 22, ya yi wa mai juya faifan ido. Ya ci. Ya ce ya bar kuɗin a wurin. Ya sake ci. Ya ce masa ya kwashe ya tafi kada ya dawo. Wannan ne karo na farko da ya yi asara saboda wani, kuma ya yi ta yana ɓata fuska don kada a gode masa.

Sai babbar fitowar, wadda ko ba komai ita kaɗai ta isa. Rick ya gama ƙin sayar wa Laszlo takardun a ofishinsa na sama, sai suka ji hafsoshin Jamus sun karɓe piyano suna rera waƙar ƙasarsu, kowa a ɗakin ya sunkuyar da kai. Laszlo ya sauko ya nufi makaɗa ya ce su buga taken Faransa. Makaɗan ba su motsa ba, suka juya suka kalli maigidansu. Rick ya gyaɗa kai sau ɗaya. Wannan gyaɗa kan bai kai daƙiƙa biyu ba, amma a nan ne mutumin ya zaɓi ɓangare, kuma ya san gidansa zai biya. Ɗakin ya miƙe, muryoyi suka danne na Jamusawa. Kyamara ta matsa kan fuskar Yvonne, wadda ɗazu ta shigo riƙe da hannun sojan Jamus, tana rerawa hawaye na zuba. Sannan ta koma kan Ilsa tana kallon mijinta. A wannan kallon ne za ka gane ba don tausayi kawai take tare da shi ba.

Abin da ya sa fitowar take da nauyin da ba a iya kwaikwaya shi ne mutanen da ke cikin ɗakin. A cikin 'yan wasan da aka rubuta sunayensu, uku ne kawai haifaffun Amurka. Madeleine Lebeau, wadda ta fito a Yvonne, ta gudo daga Paris a 1940 tare da mijinta Marcel Dalio, Bayahude, wanda shi ne mai juya faifan caca a fim ɗin. Ta Lisbon suka bi, kuma bizar da suka saya ta zama ta jabu. S. Z. Sakall, ma'aikacin nan mai kumatu, 'yan'uwansa mata uku sun mutu a sansanonin 'yan Nazi. Helmut Dantine, angon nan na teburin caca, an tsare shi bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938. Peter Lorre, wanda ya fito a mutumin da ya kawo wa Rick takardun, ya bar Jamus a 1933. Hatta Conrad Veidt da ya fito a mugun hafsan Nazi, Manjo Strasser, ya bar Jamus ne a 1933 da matarsa Bayahudiya. A lokacin da suke rera waƙar nan a tsakiyar 1942, babu wanda ya san wa zai ci yaƙin. Finafinan yaƙi da aka yi bayan an gama yaƙin duk sun san ƙarshen labari. Wannan bai sani ba, kuma ana jin haka a muryoyin.

Ba zan wuce Claude Rains ba, wanda ya fito a Renault. Jami'i ne lalatacce, mai cin hanci, mai bin inda iska ta kaɗa, yana rufe gidan Rick da sunan ya gano ana caca alhali ana miƙo masa kuɗin da ya ci. Fim ɗin bai wanke shi ba, amma ya bar masa ƙofa a buɗe. Mafi yawan mutane a lokacin zalunci ba Laszlo ba ne, ba kuma Strasser ba ne, Renault ne. Shi ya sa juyawarsa a ƙarshe, lokacin da ya ƙi tona Rick bayan Rick ɗin ya harbe Strasser, ya jefa kwalbar ruwan Vichy a kwandon shara, take da daɗi haka.

Ƙarshen da ya ba ka haushi kuwa, gaskiya ne dokar tace finafinai ta lokacin ba za ta bari matar aure ta bar mijinta ta bi wani ba. Amma marubutan sun mai da wannan takunkumin ya zama zuciyar labarin. Rick yana da takardu, yana da matar ta ce ta yarda, babu mai hana shi. Ya zaɓi ya mayar da ita ga mijinta domin aikin mijin ya fi damuwar mutum uku girma, kuma domin ya san nadama za ta cinye ta idan ta zauna. Da sun tafi tare, da ya zama mutumin da ya yi amfani da bala'in yaƙi ya ƙwace matar wani. Jirgin da ke bayansu a wannan fitowar na kwali ne, an sa gajerun mutane kusa da shi don ya yi kama da babba, aka cika wurin da hazo don a rufe asiri. Ban taɓa ganin ɗalibin da ya lura da haka a kallon farko ba, domin idon kowa yana kan fuskoki biyu. Inda Rick da Renault suka ce za su nufa kuwa shi ne Brazzaville, wurin su Éboué.

Ga hujjar da ta fi gamsar da ni cewa ba soyayyar ce ginshiƙin ba. Da aka kai fim ɗin Jamus ta Yamma a 1952, sai aka yanke kusan minti 25, aka cire 'yan Nazi gaba ɗaya, aka mai da Laszlo masanin kimiyya ɗan Norway. Soyayyar tana nan yadda take, Bogart da Bergman suna nan, waƙar da Sam ke kaɗawa a piyano tana nan. Abin da ya rage fim ne na yau da kullum wanda bai tayar da ƙura ba. Sai a 1975 Jamusawa suka ga cikakkensa da harshensu.

Masana ba su haɗu a kansa ba. Umberto Eco, marubucin Italiya, ya ɗauke shi matsakaicin fim da aka cusa wa duk wani tsohon salon labari, sai dai ya yarda cewa yawansu ne ya sa suke taɓa zuciya. Cibiyar finafinai ta Amurka ta sa shi na biyu a jerinta na 1998, na uku a na 2007. Ni ba zan sa shi a sahun finafinan da suka sauya yadda ake riƙe kyamara ko yadda ake yanka hoto ba, bai ƙirƙiro sabon salo ba. Wurinsa yana cikin finafinan da suka san abin da suke son faɗa, suka sami mutanen da abin ya shafa suka faɗe shi.

Ka sake kallonsa, amma da sharaɗi biyu. Ka nemi na asali mara kala, kada ka ɗauki wanda aka shafa wa launi a shekarun 1980, domin mai ɗaukar hoto Arthur Edeson da haske da inuwa ya yi aikinsa, har inuwar tagogi da ke faɗowa kan mutane kamar sandunan kurkuku. Kuma ka sani tun farko gidan giya ne da caca, ba fim ɗin zama da yara ba ne. Wannan karon ka bar Rick da Ilsa su yi ta kansu, ka bi teburan gefe: matar da ke sayar da lu'ulu'unta ana ce mata kasuwa ta cika da shi, mutumin da ke cewa a nan zai mutu yana jira, da tsofaffin miji da matan nan da suka sami biza suke koyon Turanci a tsakaninsu, suna tambayar juna ƙarfe nawa cikin gurɓatacciyar jimla, suna murna gobe za su tafi.